Yaron da Aka Bari a Kan Akwati

Wanda ya ba mu aron Mwinjuma Hatibu ya karɓi abinSa. Ya rasu da hantsin ranar Talata, tara ga watan Satumba, 2025, a gidansa da ke Ngamiani, nan Tanga, bayan gajeren ciwon ƙirji, aka kuma yi jana'izarsa bayan la'asar. Ya bar matarsa Bi Mwantumu, da 'ya'ya huɗu, da jikoki, da ƙaninsa Kombo. Ni kuma ya bar ni da wata tambaya wadda shekara da shekaru shi ke amsa ta, ban taɓa tunanin wata rana ni za a jefa wa ita ba.

Ina cikin aji labarin ya same ni. Mai gadin makarantarmu ya leƙo ta taga ya ce, "Malama, Ɗan Rasha ya rasu." Abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Wanne?" Mai gadi ya tsaya yana kallona. Duk garin nan mutum ɗaya ake kira Ɗan Rasha, kuma baƙi ne wuluk, haifaffen Ngamiani, bai taɓa tsallake Mombasa ba. Amma a wannan ɗan lokacin zuciyata ta tafi ga ɗayan, farin, wanda muka sani a fim, a jikin bango kawai. Na ɗauka a ƙarshe labarinsa ne ya iso.

Yaya Mwinjuma, bari in yi maka magana kai tsaye, don ban saba yin zancenka a bayan idonka ba.

Kana ɗan yaro, a shekarar 1978, wani jirgin ruwan 'yan Rasha ya tsaya a tasharmu, ya sauke makanikensa da ya karye a ƙafa, ya wuce. Sunansa Arkadi. Aka ɗaure ƙafar, aka sallame shi daga asibiti, ya rasa abin yi sai yawo a gari da sanda, yana jiran wani jirgin nasu ya biyo ya ɗauke shi. Marigayi Malam Shemdoe, wanda ya koyar a makarantar da nake koyarwa yanzu, ya gan shi a bakin kasuwa suna ciniki da mai kwakwa da hannu da ido, yara sun kewaye su suna ta dariya. Malam yana da aron na'urar ɗaukar fim a lokacin, ya rasa abin da zai ɗauka. Ya ce ga fim ya zo har gida. Cikin yaran da ke dariyar, kai ne ka matsa ka taɓa gashin hannun baƙon don ka ji ko na gaske ne, shi ya sa aka zaɓe ka.

Haka aka sami *Baƙo Mai Jan Hanci*. Yaro ya tarar da wani ƙaton Bature yana barci a ɗakin ajiyar kakarsa, cikin ɓawon kwakwa. Kaka kuwa ba abin da ta tsana kamar baƙo mai ci. Yaro ya ɓoye shi, yana sato masa wainar shinkafa, ya ɗaura masa zani ya ce wa maƙwabta gwaggonsa ce daga ƙauye. Babu mai jin yaren wani a cikinsu. Ƙaton da zai iya ɗaga jaki da hannu ɗaya ya haye bishiya saboda ƙaguwa. Ya ci tuwon masara da cokali, ya sha miyar daban kamar shayi. Na ga fim ɗin nan fiye da yadda zan iya tunawa, kuma har yau idan aka zo wurin ƙaguwar sai na rufe bakina da mayafi.

Amma abin da ya fi kashe yara da dariya shi ne zaman. Duk lokacin da za ku fita daga ɗaki, ko kaka ta biyo ku da tsintsiya, ko bunsuru ya karya ƙofa, sai Arkadi ya ɗaga hannu, ya nemi abin zama, ya zauna, ya jawo ka ka zauna kusa da shi. Ku ɗora hannu a gwiwa, ku yi tsit. Sannan ya buga cinyarsa, ku miƙe, ku zura a guje. Malam Shemdoe bai rubuta wannan ba. Al'adar mutanen Arkadi ce, ba sa kama hanya sai sun ɗan zauna, kuma ya ƙi ya bar ta ko a cikin wasa. Malam ya gaji da gardama ya bar shi, abin ya zama zuciyar fim ɗin.

Sai ƙarshe. Ku biyu kuna zaune a kan akwatin ƙarfe a tsakar gida. Arkadi ya buga cinya, ya miƙe, ya shafa kanka, ya ɗauki jakarsa ya fita. Kai ba ka tashi ba. Kana zaune, hannu a gwiwa, kana kallon ƙofa. Kaza ta wuce ta gabanka. Kana nan. Hoton ya yi fari, fim ya ƙare. Kowa ya san dalili: jirgin ya iso ba zato, ba a sami damar ɗaukar fitowa ta ƙarshe ba, wadda baƙon zai dawo da tsaraba. Malam ya haɗa abin da ke hannunsa, ya ce a kalla haka.

Lokacin da na fara majigin Asabar a makaranta, na je har tashar mota na same ka, ina ta shirya kalmomin roƙo a raina. Kana ƙarƙashin bas ɗinka mai zuwa Korogwe, ƙafafunka kawai nake gani. Na yi sallama na faɗi abin da ya kawo ni. Ka ce daga can ƙasa, "Malama, akwai labule a tagogin?" Na ce babu. Ka ce, "To ai ba majigi za ki yi ba, wahala za ki yi." Ranar Asabar ka zo da barguna a kafaɗa, da ƙusoshi a aljihu, da soyayyen rogo cike da kwano. Tun daga ranar, duk zangon karatu, idan za mu nuna fim ɗin ga sababbin yara, kana nan a bencin baya. Ka bar aikin mota ba ka bar mu ba. Da kaset ɗin ya fara lalacewa, kai ka ɗauke shi zuwa Dar es Salaam a cinyarka aka juye mana shi.

Akwai wurin da sautin ya mutu a tsakiyar fim, tun kafin a juye. Ni da na so in riƙa tsallake wurin. Ka ce a'a, yara su yi muryar. Ka zaɓi Zuhura, yarinyar da in'ina ta hana ta ɗaga hannu a aji, ka ce ita za ta zama Arkadi. Na ja ka gefe na ce kada ka sa a yi mata dariya. Ka ce, "Malama, wa ya iya Rashanci a ɗakin nan da zai ce ta yi kuskure?" Zuhura ta tsaya a gaba ta yi ta zuba wani yare da ba a taɓa ji ba a duniya, tana kumbura kumatu, ba ta sarƙe ko sau ɗaya ba. Yara suka yi ta birgima. Ranar Litinin ta ɗaga hannu a darasin labarin ƙasa. Na karanta littattafan koyarwa da yawa a kwaleji, babu wanda ya gaya mini wannan.

Fasinjojinka ma suna da nasu labarin. Ba ka taɓa tada mota ba sai ka sake sitiyari, ka ɗora hannu a gwiwa, ka yi shiru. Baƙon fasinja yakan ce, "Direba, lafiya? Addu'a ce ko gyangyaɗi?" Sai yaron motarka ya ce, "Baba, yi haƙuri, yana magana da Mosko ne." Idan damina ta sauka, duk yaron makarantar da ka gani a hanyar Muheza yana tafe cikin ruwa sai ka tsaya, ko da motar ta cika har ƙofa. Kana cewa manya su matsa, su ma an taɓa matsa musu.

Daga gare ka da fim ɗin abin ya bazu a Ngamiani. Yau idan yarinya za ta tafi makarantar kwana, ko tsoho zai tafi aikin hajji, sai gida ya ɗan zauna. Matafiyi ya tashi ya fita, masu gida kuwa su ci gaba da zama har sai ya ɓace wa ido. Haka muka gani a fim, haka muka ɗauka. Tsofaffin mata suka ƙara da cewa idan ka tashi da wuri, kamar ka ce masa kada ya dawo ne. Ni kaina, da duk karatuna, ranar da ɗana ya tafi jami'a na zauna a kan turmi har ƙafata ta yi sanyi.

Bara ne wata likita 'yar Rasha mai suna Polina, da ta zo aiki na ɗan lokaci a garinmu, ta ji labarin fim ɗin ta zo kallo. Ta yi dariya har da hawaye. Da aka gama, ina ta ɗoki na ba ta labarin yadda muka riƙe al'adarsu. Ta saurara, ta ɗan ɓata fuska, ta ce zaman gaskiya ne, kakarta ma tana yi, amma a wurinsu kowa tare yake tashi. Babu mai zama ya jira. Na juyo na kalle ka. Kana naɗe bargo. Ka ce, "Ashe?" Ka ci gaba da naɗi. Can ka ce, "To, ku can kuna da gaggawa." Washegari na ga ka raka jikarka tasha, motar ta tashi, kana zaune a kan benci har ta sha kwana. Ban gane ba a lokacin. Ban tabbata na gane ba har yanzu. Ba ka yarda da likitar ba ne, ko kuwa ka daɗe da sani?

Yanzu ga tambayar. Duk ranar da hoton ya yi fari, aka cire barguna, kafin yara su gama murza ido, sai wani ya juya bencin baya ya ce, "Baba Mwinjuma, ya dawo?" Ba a taɓa fashi ba. Kuma ba ka taɓa ba da amsa ɗaya sau biyu ba.

Wata shekara ka ce ya dawo, amma ya tsufa ya rame har ba ka gane shi ba, ka sayar masa da kwakwa a kan tsada, sai da ya tafi ka tuna hancin. Wata shekara ka ce ya isa gida lafiya, ya shirya zai dawo, ya zauna a kan akwati kamar yadda ya saba, sanyi ya manne shi a wurin, ana jiran bazara. Ka taɓa ce wa 'yan aji huɗu ranar Alhamis zai iso, don haka kowa ya wanke ƙafa ya yanke farce. Ranar Alhamis ban taɓa ganin ajin da tsabta haka ba. Da suka tambaye ka, ka ce ya leƙo ta taga ya ga wani da majina ya koma.

Ni abin yana damuna. An koya mini cewa idan yaro ya yi tambaya da gaske a ba shi amsa ta gaske. Wata rana muna kwashe benci na ce, "Yaya, tsakanina da kai, ya dawo?" Ka dube ni ka ce, "Malama, kin ci rogon kuwa? Yaran nan ba su bar miki ba, ko?" Na sake gwadawa bayan wasu shekaru. Ka ce ƙusa ɗaya ta ɓace, in taya ka nema. Na ce a raina akwai lokaci.

Ranar jana'izarka muna cikin gida tare da mata, ina kusa da Bi Mwantumu. An gama wanka, an sa likkafani, an fito da makara tsakar gida. Maza suka sunkuya za su ɗauka. Sai Kombo ya saki hannun makarar, ya ja da baya, ya zauna a kan dakali. Babu wanda ya shirya haka. Na kusa da shi ya zauna, na gaba ya tsuguna, tsofaffin direbobi da yaran mota suka zauna a ƙasa cikin fararen kayansu, har waɗanda ke waje a layi. Hannu a gwiwa. Gidan ya yi tsit, har ana jin kukan hankaki a kan bishiyar mangwaro. Liman ya tsaya shi kaɗai, yana duban wannan yana duban wancan. Shi ma ɗan unguwar ne, a gabana ya kalli fim ɗin yana ɗan aji uku. Bai zauna ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya bar numfashi kaɗan ya wuce, ya ce a hankali, "Jama'a, ku tashi, kada mu tsare shi." Kombo ya buga cinyarsa. Suka miƙe, suka ɗauke ka, suka fita da kai.

Mu mata muka rage a zaune. Makara ta fita, muryoyin suka yi nisa, babu wadda ta motsa. Ban san abin da ya kamata in yi ba. Idan na tashi, kamar na ce kada ka dawo. Idan na zauna, me nake jira? Na san inda aka kai ka, na san ba a dawowa daga can, ni ce ma nake koya wa yara kada su riƙe camfi. Duk da haka na kasa tashi. Na dubi matan, na ga kowacce tana satar kallon 'yar'uwarta.

Bi Mwantumu ce ta fara miƙewa. Ta gyara zaninta, ta miƙo mini hannu, ta ce, "Tashi, Malama. Wannan tafiyar ba a zaman jiranta. Mu ne za mu same shi." Ta wuce madafa ta ce a ɗora ruwan shayi, masu dawowa daga maƙabarta za su zo da ƙishi.

A kwanakin zaman makoki na yi abin da ban yi ba kana raye, na bi mutane da tambayarka. Asabar tana tafe, sababbin yara sun riga sun ji akwai fim, kuma bencin baya zai zama babu kowa. Na fara da Kombo. Ya ce, "Ya dawo mana. Da idona na gan shi. Ina saurayi, na shigo gida na tarar da wani Bature zaune a tsakar gida da Yaya, ba mai cewa komai, sun sha shayi, ya tafi." Bi Mwantumu tana tsince shinkafa a gefe, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Kombo, ka ji tsoron Allah. Wannan Bagirke ne na gonar da ake noma tsiron igiya, keke ya zo saya." Kombo ya ce, "Ke a lokacin ko aurenki ba a yi ba." Ta ce, "Keken dai na gani, a kansa aka kai ni asibiti haihuwar fari, don Bagirken ya fasa saye." Kombo ya ce to me ya sa ba su yi magana ba? Ta ce, "Don yayanka ya faɗi kuɗin da ya kashe bakin mutumin." Matan da ke wurin suka yi dariya, har da masu hawaye a ido.

Wani tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa ya ce mini ya ji jirgin ya nitse a hanyar komawa. Wani ya ce ƙarya ne, an ga jirgin bayan shekaru a Mtwara. Wata tsohuwa ta rantse mini cewa Arkadi bai tafi ko'ina ba, ya yi aure a Pangani, jikokinsa suna nan da jan hanci. Na koma gida kaina ya fi ɗaurewa fiye da yadda na fito. Ashe ba kai kaɗai ke da amsoshi da yawa ba, garin duka ya koya daga gare ka.

Ana gobe majigi na koma wurin Bi Mwantumu da rana, bayan baƙi sun ragu. Na ce, "Yaya, ki taimake ni. Gobe yara za su tambaya. Me zan ce?" Ta ce ita ma ba ta sani ba. Ta ce ta tambaye ka farkon aurenku, ka ce mata miyar ta yi gishiri. Abin da ta sani kawai, duk lokacin da jiniyar babban jirgi ta yi kuka daga tasha, sai ka shiga ɗaki ka sauya riga, ka ce zafi ne ya dame ka. Har bana kana yi.

Sannan ta ce, "Amma kin san ba su gaya masa ba?" Na ce me? Ta ce ranar da aka ɗauki zaman akwatin, manya duka sun san jirgi ya iso, jakar da Arkadi ya ɗauka jakarsa ce ta gaske. Kai kaɗai ba ka sani ba. Sun ji tsoron za ka yi kuka ka ɓata hoton. Malam Shemdoe ya ce maka, "Zauna nan, kada ka tashi, yanzu zai zagayo ya shigo." Ka zauna. Fim ya ƙare a cikin na'ura, Malam ya bi Arkadi tasha don su yi sallama, cikin rububi aka manta da kai. Kakarka ta gaske ce ta zo ta ɗauke ka da magariba ta gabato, kana ta cewa a bar ka, an ce kada ka tashi. Ta ce sau ɗaya ka ba ta labarin nan, kana dariya, kamar labarin wani yaro ne daban.

Yaya Mwinjuma, na koma makaranta na kunna ƙarshen fim ɗin ni kaɗai, ba labule, hoton ya yi dishi-dishi a bango. Na kalli fuskarka. Shekara nawa ina gaya wa yara su lura da yadda yaron nan ya iya wasa, yadda ya riƙe fuskarsa ba ya ko ƙiftawa. Ashe ba wasa kake ba. To fim ɗin dariya muke nunawa ko me? Kuma kai da ka san haka, me ya sa kake zuwa kowane zango da barguna da rogo, ka zauna a baya ka ji ɗaki guda yana dariya idan kazar nan ta wuce? Na ga ka kana dariya tare da su, da idona. Ta gaske ce? Ina ganin ta gaske ce. Ban san yadda abubuwan biyu suka zauna a cikin mutum ɗaya ba. Abu guda na lura da shi da na bi amsoshinka ɗaya bayan ɗaya: a cikinsu duka, ba ka taɓa cewa bai dawo ba.

Asabar ta zo. Zuhura, wadda yanzu take koyar da 'yan aji ɗaya a wurinmu, ita ta rataya bargunanka, Bi Mwantumu ta aiko da rogo ba tare da na roƙa ba. Yara suka yi dariyar ƙaguwa, suka yi dariyar zani, duk lokacin da Arkadi ya ɗaga hannu suka ɗora nasu a gwiwa. Hoton ya yi fari. Aka cire barguna. Wani yaro mai suna Athumani, wanda yayyensa suka riga suka gaya masa yadda ake yi, ya juya bencin baya. Ya ga babu kowa. Ya juyo gare ni ya ce, "Malama, ya dawo?"

Na shirya ƙarya mai daɗi tun a hanya, irin taka, wai ya dawo a cikin buhun gishiri. Da na buɗe baki ta ƙi fitowa. Ba ni da irin bakinka. Na ce, "Ban sani ba, Athumani. Na tambayi duk wanda zan iya tambaya, ban sani ba." Sai na ji kaina ina cewa, "Amma yaron ya tashi. Wannan na sani. Fim ɗin bai nuna ba, amma ya tashi daga kan akwatin, ya girma, ya tuƙa babbar mota, ya ɗauki yayyenku cikin ruwan sama, kuma waɗannan bargunan nasa ne."

Wata ƙaramar yarinya a gaba ta ce, "To shi Baba Mwinjuma fa, zai dawo?"

Wannan na san amsarta, kuma ta fi wuyar faɗa. Na ari maganar matarka. Na ce a'a, shi ba zai dawo ba, mu ne za mu same shi wata rana, idan Allah Ya so. Ta yi tunani kaɗan ta ce, "To sai mu tashi ke nan?" Na ce e, sai mu tashi. Babu wanda ya tashi. Suna zaune, hannu a gwiwa, suna kallona. Sai da na gane abin da suke jira. Na buga cinyata, suka miƙe gaba ɗaya, suka yi kan kwanon rogo.

Ban sani ba ko na yi daidai, Yaya. Wataƙila da kana nan ka ce na cika wa yara ciki da gaskiya tun ba su ci komai ba. Wataƙila zangon gaba in iya ta buhun gishirin. Amma za mu ci gaba da nunawa, kuma ba zan tsallake ƙarshen ba.

Ya Allah, ga bawanKa Mwinjuma ɗan Hatibu ya zo gare Ka. Ka yafe masa abin da muka sani da abin da ba mu sani ba. Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haskaka shi, Ka sanya dariyar yaran da ya faranta wa rai da tsayuwar da ya yi musu cikin ruwan sama a ma'auninsa na alheri. Ya daɗe yana kallon ƙofa, ya Ubangiji, Ka buɗe masa taKa, kada Ka bar shi yana jira.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Bi Mwantumu, wadda ta tashe mu ranar da muka kasa tashi, da 'ya'yansa da jikokinsa, da Kombo, da direbobi da yaran motar tashar Korogwe, da duk wanda ya taɓa zama a ɗakin majiginmu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Akwai mutum ɗaya da ya rage, ban san inda zan aika masa ba. Idan Arkadi ya riga mu, Allah Ya san inda yake. Idan kuwa yana raye a wani gari mai sanyi, tsoho tukuf mai ɗingishi, kuma wani ya san hanyar kai masa magana, a yi masa ta'aziyyar abokinsa. A gaya masa yaron ya zauna kamar yadda aka ce masa, kuma har bana yana sauya riga.